Abin da Amurka ta saki kan UFO, da abin da ta riƙe a aljihu

Ranar 27 ga Afrilu 2020 ma'aikatar tsaron Amurka, Pentagon, ta saki gajerun bidiyo uku da matuƙan jiragen yaƙin sojan ruwa suka ɗauka, ta ce ba ta tantance abubuwan da ke cikinsu ba. An ɗauki ɗaya a Nuwamban 2004 a tekun Pasifik kusa da San Diego, sauran biyun a Janairun 2015 a gaɓar gabashin ƙasar. Dukkansu sun riga sun bazu a intanet kafin ranar, don haka abin da ma'aikatar ta ƙara shi ne amsa cewa nata ne. Duk da haka labari ya zaga duniya cewa Amurka ta yarda akwai halittun wata duniya. Ba ta faɗi haka ba ranar, kuma babu ɗaya daga rahotanninta na 2021 zuwa 2024 da ya faɗa. UFO, ko UAP kamar yadda hukumomin Amurka suka koma kiransa, suna ne na duk abin da aka gani a sama ba a gane ko mene ne ba. Iyakar ma'anarsa ke nan.

A ganina an daɗe ana yi wa gwamnatoci tambayar da ba ita ce ta fari ba. Jama'a na so shugaban ƙasa ya fito ya ce akwai, ko ya ce babu. To in ya ce akwai, da me za ka auna maganarsa? In ya ce babu, wa zai yarda, alhali an sha kama gwamnatin da ƙarya a kan wannan batu? Abin nema shi ne bayanan da na'urori suka naɗa kamar yadda suka naɗe su: bidiyon daga farko har ƙarshe, rikodin rada, lokaci daidai da daƙiƙa, wurin da jirgi yake da inda ya dosa, ƙarfin iska a wannan tsayin. Da waɗannan a hannu, malamin lissafi a kowace jami'a ta duniya zai iya bin sawun abin da kansa.

Bidiyon da ake kira GoFast ya nuna amfanin haka. A cikinsa ana ganin wani farin ɗigo kamar yana shararawa dab da ruwan teku da gudun da ya wuce misali, matuƙan na ta ihun mamaki. Amma a gefen allon akwai lambobi. Jirgin yana tsayin ƙafa 25,000. Lokacin da kyamara ta kama abin, tazarar da ke tsakaninsu mil 4.4 ce ta teku, wato kimanin ƙafa 26,700, kyamarar kuma ta sunkuya digiri 26 ƙasa. A wannan kusurwa, kusan kashi 44 cikin 100 na tazarar shi ne zurfin da abin yake ƙasa da jirgin, wato wajen ƙafa 11,700. Cire wannan daga 25,000, sai ka samu abin yana sama da ƙafa 13,000 daga ruwa. Yana tsakiyar hanya tsakanin jirgin da teku, bai kusa da ruwan ba ko kaɗan.

Gudun fa? Duk wanda ya taɓa zama gefen taga a mota ya san yadda itatuwan bakin titi ke tserewa baya, dutsen da ke nesa kuma kamar yana binka. Jirgin ne ke gudu, kyamarar ta maƙale wa ɗigon, sai tekun da ke bayansa ya riƙa zamewa da sauri. Wani masani a kwamitin da hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta kafa ya lissafa gudun abin a 2023 ya samu kusan mil 40 a awa, irin gudun iska a wannan tsayi. Ofishin Pentagon mai binciken waɗannan rahotanni, AARO, ya kai ga tsayi iri ɗaya, ya ce gudun na tsakanin mil 5 zuwa 92 a awa. Faɗin wannan tazara kansa darasi ne: ba a san ainihin inda jirgin ya dosa ba a bidiyon, shi ya sa ba a iya tsayar da lamba ɗaya. Lissafin bai gaya mana ko mene ne abin ba, amma ya kore gudun ban mamaki. Kuma an iya yin sa ne kawai don ba a goge lambobin gefen allo ba.

Sauran biyun ba su samu wannan sa'a ba. A bidiyon Gimbal ana ganin wani baƙin abu mai siffar faifai yana juyawa. Kyamarar irin mai ganin zafi ce, kuma tana kan wata maƙala mai juyawa don ta ci gaba da bin abin da ta kama. Masu nazari irin su Mick West sun nuna cewa juyawar abin ta zo daidai da lokacin da maƙalar ke juyawa, suka ce walƙiyar zafin injin wani jirgi ce daga nesa ke juyawa a cikin madubin. Wasu matuƙa sun ƙi wannan bayani. A cikin sautin bidiyon ana jin ɗaya daga waɗanda suka ɗauke shi yana cewa akwai tarinsu a kan allon rada. Wannan allon shi zai raba gardama, kuma ba a sake shi ba. Abin da jama'a ke da shi bai kai minti ɗaya ba.

Lamarin 2004 ya fi kowanne nauyi, shi ne kuma ya fi ban takaici. Ma'aikatan rada na jirgin ruwan USS Princeton, wanda ke rakiyar babban jirgin Nimitz, sun ce sun yi kwanaki suna ganin abubuwa na saukowa daga sama da ƙafa 80,000 zuwa 20,000. Ranar 14 ga Nuwamba aka tura jirage biyu, kwamanda David Fravor da Alex Dietrich suna tuƙi, kowanne da abokin aiki a kujerar baya. Mutum huɗu suka ce sun ga wani farin abu mai tsawon kusan ƙafa 40, ba fiffike, ba hayaƙi. Bidiyon da aka saki ba su suka ɗauka ba. Wani jami'in sojan ruwa ne daban, Chad Underwood, ya ɗauka da ya tashi daga baya. Ke nan akwai shaidar ido, akwai shaidar rada, akwai bidiyo, amma babu abin da ke hannun jama'a da zai ɗaure ukun ya tabbatar abu ɗaya suka gani. Rikodin radar Princeton bai taɓa fitowa ba. Da wani mai bincike ya nemi takardun lamarin, ofishin leƙen asirin sojan ruwa ya amsa cewa yana da wasu takardun bayani masu matakin sirri mafi girma, kuma sakinsu zai yi wa tsaron ƙasa mummunar illa.

Ya kamata a yi wa hukumomin adalci a nan, domin uzurinsu ba duka ne ƙarya ba. Yawancin abin da ake rufewa, saboda na'urar da ta ɗauka ake rufe shi. Wata shugaba a NASA ta ba da misali a taron 31 ga Mayu 2023: da jirgin yaƙi zai ɗauki hoton mutum-mutumin 'yanci na New York, hoton zai zama na sirri saboda kyamarar. Hoto ɗaya na iya nuna wa Rasha ko Sin nisan da kyamara ke gani, da ƙanƙantar abin da rada ke kamawa, da wurin da jirgi yake a ranar. Wannan gaskiya ne. Sai dai ranar 14 ga Maris 2023 jirgin yaƙin Rasha ya bugi jirgin Amurka mara matuƙi, MQ-9, a saman Bahar Aswad, kuma cikin kwana biyu Pentagon ta cire wa bidiyon sirri ta ba duniya. In ana so, ana iyawa. Akwai hanyar rage kaifin hoto, da rufe lambobin da ke tona asirin na'ura, a bar waɗanda ake buƙata don lissafi.

Rashin yardar jama'a kuwa ruwa ne da bai yi tsami banza ba. Ranar 8 ga Yuli 1947 sansanin sojan sama na Roswell a jihar New Mexico ya fitar da sanarwa cewa ya samu faifai mai tashi. Kafin gari ya waye aka ce balan-balan ne na auna yanayi. Sai a 1994 rundunar sojan sama ta amsa cewa tarkacen na wani shiri ne na sirri mai suna Mogul, jerin balan-balan masu ɗauke da na'urar sauraron ƙarar gwajin nukiliyar Tarayyar Sobiyet. Shekara 47 ana riƙe da bayanin da ba cikakke ba. Da ofishin binciken kuɗi na majalisa ya bi takardun a 1995, bisa buƙatar ɗan majalisa Steven Schiff, ya tarar an lalata saƙonnin da sansanin ya aika a waɗannan shekaru. Ko da babu komai a cikinsu, yanzu ba mai iya tabbatarwa.

A Janairun 1953 hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta tara masana ƙarƙashin H. P. Robertson. Abin da ya dame su shi ne kada rahotannin jama'a su toshe layukan sadarwar soja ranar da abokan gaba suka kawo hari na gaske, sai suka ba da shawarar a yi amfani da kafafen watsa labarai a rage wa batun kwarjini, a kuma sa ido kan ƙungiyoyin farar hula masu bincikensa. Bayan shekara biyu jirgin leƙen asiri na U-2 ya fara tashi. Yana hawa sama da ƙafa 60,000 a lokacin da jiragen fasinja ke yawo tsakanin 10,000 da 20,000. Da magariba matuƙin jirgin fasinja yana cikin duhu, amma rana na ci gaba da dukan fikafikan U-2 can sama, sai ya ga wani abu na ƙyalli a inda ya san babu jirgin da ke kaiwa. Masu binciken shirin Blue Book na sojan sama sukan gwada rahoton da jadawalin tashin U-2, su gane, amma su gaya wa mai rahoton cewa ƙanƙara ce a sama ko canjin yanayi. Tarihin da CIA ta rubuta da kanta ya ce fiye da rabin rahotannin ƙarshen shekarun 1950 da na 1960 daga irin waɗannan jirage suke. Wasu masu bincike na ganin adadin ya yi yawa, amma yaudarar kanta ba a musanta ta ba. Sansanin da jirgin ke tashi, Area 51 a Nevada, sai a 2013 CIA ta ambaci sunansa a takardar da ta saki. An rufe Blue Book a Disamban 1969 da rahotanni 12,618, 701 daga ciki ba a tantance ba.

Duk ƙaryar da aka tabbatar a wannan tarihi, don ɓoye kayan soja aka yi ta. Amma mutumin da ya ga abu da idonsa aka ce masa ƙanƙara ce, ya san ba ƙanƙara ba ce, kuma daga ranar ya daina yarda da duk bayanin hukuma, har na gaskiya.

Batun ya dawo ne ranar 16 ga Disamba 2017, da jaridar New York Times ta bankaɗo cewa Pentagon ta kashe dala miliyan 22 a wani shirin bincike da Sanata Harry Reid ya nema wa kuɗi, kuma yawancin kuɗin kamfanin Robert Bigelow aka ba. Daga nan majalisa ta fara tilasta rahoto. Na Yunin 2021 shafi tara ne: rahotanni 144 daga 2004 zuwa 2021, ɗaya kacal aka tantance, wani babban balan-balan da ke sacewa. Tamanin daga ciki na'ura fiye da ɗaya ce ta kama su, 11 kuma matuƙa sun ce saura kaɗan a yi karo. Wannan adadi na ƙarshe shi kaɗai ya isa a ɗauki batun da muhimmanci, domin ko balan-balan ne, in ya shiga injin jirgi rayuka ne. An kafa AARO a Yulin 2022. Rahoton Nuwamban 2024 ya ƙunshi sabbin rahotanni 757. An warware 118, kashi 70 cikin 100 na waɗanda aka warware balan-balan ne, sai jirage marasa matuƙa, tsuntsaye da taurarin ɗan'adam. An ware 21 da ke buƙatar zurfin bincike. An ajiye 444 saboda babu isassun bayanai.

A wannan 444 ne masu karatu suka fi tuntuɓe. Rahoton da ba a warware ba iri biyu ne. Akwai wanda bayanansa suka cika, kyamara da rada da shaidu, amma aka rasa bayani. Akwai kuma wanda matuƙi ya ce ya ga haske na daƙiƙa uku, babu hoto, babu takamaiman lokaci. Na biyun ba abin mamaki ba ne, fayil ne mara komai a ciki. Duk rahoton da ya haɗa su a lamba ɗaya ya ruɗa mai karatu. Haka ma taswirar inda ake ganin abubuwan: sun taru a gaɓar gabas da yammacin Amurka, da Gabas ta Tsakiya, da kewayen Japan da Koriya. Nan ne sojan Amurka ke da jirage da rada. Taswirar na nuna inda idanu suke.

Fabrairun 2023 ya koyar da wani abu game da rada. Ana saita ta ne ta watsar da abubuwa ƙanana masu tafiya a hankali, in ba haka ba tsuntsaye da gajimare za su cika allo. Bayan an harbo wani balan-balan na Sin da Amurka ta ce na leƙen asiri ne ranar 4 ga wata a gaɓar South Carolina, rundunar tsaron samaniyar Amurka da Kanada ta sassauta wannan matata. Nan da nan abubuwa suka bayyana, aka harbo uku a jere ranakun 10, 11 da 12, a Alaska, da Yukon, da tafkin Huron, da makamai masu linzami da kowanne ya kai kusan dala 400,000. Daga baya Shugaba Biden ya ce mai yiwuwa balan-balan ne na kamfanoni ko masu bincike. Ba sabbin abubuwa ne suka shigo sama a makon ba. Saitin na'ura aka canza.

Sai maganar David Grusch, tsohon jami'in leƙen asiri, wanda ya yi rantsuwa a gaban majalisar wakilai ranar 26 ga Yuli 2023 ya ce akwai shiri na shekaru da dama na kwashe tarkacen jiragen da ba ɗan'adam ya ƙera ba, har da sassan jikin halittu. Ya ce ya samu labarin daga mutane sama da 40 da ya tattauna da su, shi bai ga kayan da idonsa ba. Mutane da yawa sun ɗauka tunda Pentagon ta ba shi izinin magana, ta gaskata shi ke nan. Ofishin da ke ba da wannan izini yana duba ne ko maganar na ɗauke da sirri, ba ya duba ko gaskiya ce. A Maris 2024 AARO ya fitar da rahoton tarihi mai shafi 63, ya ce bai samu shaidar komai ba. Ya ce wasu shaidun sun ga shirye-shiryen soja na gaske sun yi musu mummunar fahimta, kuma labarin na zagaye ne a tsakanin 'yan mutane ƙalilan, wannan ya ji daga wancan, wancan ya ji daga na uku, na ukun kuma daga na farko. Ya bayyana wani shiri mai suna Kona Blue da aka taɓa nema a kafa don irin wannan aiki, ba a amince ba. Wani guntun ƙarfe da aka daɗe ana cewa daga tarkacen jirgin baƙi yake, an kai shi cibiyar gwaji ta Oak Ridge, aka tarar gamin magnesiyam ne na nan duniya.

Ni dai na fi samun natsuwa da bayanin AARO fiye da na Grusch, domin nasa ji ne, nasu kuma akwai gwaji a ciki. Amma ofishin ɗan cikin gidan da ake zargi ne, kuma bai baje wa jama'a cikakkun bayanan tattaunawar da ya yi ba. Wanda ake tuhuma ba ya zama alƙalin kansa, ko da kuwa mai gaskiya ne. Shi ya sa ƙudurin da Sanata Chuck Schumer da Sanata Mike Rounds suka kawo a Yulin 2023 ya burge ni. Sun kwaikwayi dokar 1992 ta sakin takardun kisan Shugaba Kennedy: kwamiti mai zaman kansa na mutum tara, shugaban ƙasa ya zaɓa, majalisar dattawa ta tabbatar, da ikon kiran shaidu da ƙwato takardu, kuma asalin kowace takarda a sake ta sai in an kawo hujjar riƙewa. Har da ikon gwamnati ta karɓe duk wani tarkace da ke hannun kamfani. A Disamba, wajen daidaita dokar tsakanin majalisun biyu, aka cire kwamitin da ikon karɓar. Abin da ya rage shi ne tarin takardu a ma'adanar tarihi ta ƙasa, rukuni mai lamba 615, da sharaɗin a saki takarda in ta cika shekara 25 sai dai in shugaban ƙasa ya hana. Hukumar da ta rubuta takarda ita ce dai ke yanke ko ta shiga tarin, ita ce kuma ke yanke ko a jinkirta ta. In babu abin ɓoyewa, kwamitin shi ne hanya mafi sauƙi ta nuna haka.

Faransa ta daɗe da gano wata hanya. Tun 1977 hukumar sararin samaniyarta, CNES, ke da sashe a Toulouse, yanzu ana kiransa GEIPAN. Farar hula ne ke riƙe da shi. Mai rahoto na cike takarda ko ya je wurin jandarma, a bincika, a goge sunansa, a ɗora fayil ɗin a intanet, abin da suka fara a Maris 2007. Kowane lamari na samun harafi. A, an tantance sarai. B, kusan an tantance. C, bayanai ba su isa ba. D, bayanai sun isa amma an rasa bayani, kuma wannan rukuni kusan kashi 3 ne cikin 100. Raba C da D shi ne abin da na fi so a koya daga gare su. Ingila kuma ta miƙa fayilolin ma'aikatar tsaronta, sama da shafi 50,000, ga ma'adanar tarihi ta Kew tsakanin 2008 da 2013, ta rufe teburin karɓar rahoto a ƙarshen 2009. Yawancin fayilolin kafin 1962 an riga an lalata su, domin a da haka ake yi musu bayan shekara biyar.

Mai son neman takarda daga Amurka da kansa yana iyawa, ko ba ɗan ƙasar ba ne, ta dokar 'yancin samun bayanai ta 1966, FOIA. Inda mutane ke faɗuwa shi ne faɗin buƙata. Wanda ya rubuta a ba shi duk abin da ake da shi kan UFO zai jira shekaru ko a ce buƙatarsa ba ta fayyace ba. Rubuta sunan runduna, da ranaku daga kaza zuwa kaza, da nau'in takarda: rahoton haɗarin jirgi, saƙon imel tsakanin ofis kaza da kaza, rikodin muryar hasumiya. Faɗi iyakar kuɗin da za ka iya biya. Mai nema na kashin kansa yana da awa biyu na bincike da shafi 100 kyauta. Doka ta ba hukuma kwanakin aiki 20, ana iya ƙara 10, amma a aikace layi ne mai tsawo, don haka riƙe lambar bibiya. Ka nemi a ba ka duk sashen da za a iya rabawa da na sirri, domin doka ta wajabta haka. Akwai dalilai tara na hanawa, na farko shi ne tsaron ƙasa. Wani lokaci za a ce ba za a tabbatar ko a musanta cewa takardar na nan ba. Kowace irin amsa kana da aƙalla kwana 90 na ɗaukaka ƙara. In ka san takardar takamaimai kuma ta sirri ce, akwai hanya ta daban ta neman a sake duba sirrinta, wadda ɗaukaka ƙararta ke kaiwa ga kwamitin da ke wajen hukumar, amma ba a bin hanyoyin biyu lokaci ɗaya kan takarda ɗaya.

Dokar na da ramuka biyu. Ba ta shafi majalisa ba, ba ta kuma shafi kamfanoni masu kwangila ba, don haka takardar da ta zauna a ofishin ɗan kwangila ba ta shiga hannun gwamnati ba, ta fi ƙarfinta. Sai lokaci. Hukumar jiragen sama ta Amurka na ajiye rikodin murya da na rada kwana 45 ne a al'ada, wanda ya makara ya rasa. Ranar 7 ga Nuwamba 2006 ma'aikatan kamfanin United a filin jirgin O'Hare na Chicago suka ce sun ga wani abu kamar faifai a saman wata ƙofar shiga jirgi. Hukumar ta fara cewa ba ta da labari, sai da ɗan jaridar Chicago Tribune ya shigar da buƙata sannan aka samu rikodin kiran da aka yi wa hasumiya. Najeriya ma na da irin wannan doka tun 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, kuma ƙa'idar ɗaya ce: ka nemi abu takamaimai, ka nema da wuri.

Wanda ya ga abu a sama shi ma yana da nasa aikin, kuma ba baƙon aiki ba ne ga mutanen da suka saba da shaidar ganin wata, inda ake tambayar mutum a ina ya tsaya, ƙarfe nawa, ina watan ya fuskanta, wa ke tare da shi. Rubuta lokaci nan take. Lura da kusurwa, gabas ko yamma. Miƙa hannu ka dunƙule, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne, ƙirga nawa ne daga ƙasa zuwa abin. Kada ka zuƙo hoton da yatsa, domin wayar na rasa saiti, ɗigon haske ya kumbura ya zama ƙwallo mai rawa, kuma da yawan bidiyon ƙwallon haske haka aka same su. Sa bishiya ko hasumiyar masallaci ko turken lantarki a cikin hoton don a samu abin aunawa. Ajiye fayil ɗin asali, in za ka tura ta WhatsApp tura shi a matsayin takarda, in ba haka ba manhajar na matse shi ta zubar da bayanan lokaci da wuri. Sannan ka duba manhajar Flightradar24 don jirage da ta Stellarium don taurari. Haske mai ƙarfi da ke tsaye a yamma bayan magariba galibi Zara ce. Jerin fitilu masu tafiya a layi ɗaya ba ƙara, bayan faɗuwar rana ko kafin asuba, taurarin ɗan'adam na Starlink ne da ba a daɗe da harbawa ba.

Tambayar ko akwai rai a wata duniya daban take da duk wannan, kuma ana bin ta a fili. An tabbatar da duniyoyi sama da 5,000 masu kewaya wasu taurari. Tauraro mafi kusa da rana, Proxima Centauri, haske na shekara 4.2 kafin ya iso daga gare shi, kumbon Voyager 1 mai gudun kilomita 17 a daƙiƙa zai yi sama da shekara 70,000 kafin ya ci wannan tazara. A Agustan 1996 masanan NASA suka ce sun ga alamun ƙwayoyin halitta a wani dutse da ya faɗo daga Mars, mai lamba ALH84001, har Shugaba Clinton ya yi jawabi. An rarraba gutsattsarin dutsen ga cibiyoyin gwaji a ƙasashe daban-daban, suka nuna cewa yawancin alamun na iya samuwa ba tare da rai ba. A Satumban 2020 wasu masana suka sanar da iskar fosfin a gajimaren Zara, wasu suka sauke bayanan na'urar hangen suka sake lissafi, alamar ta ragu ƙwarai. A Satumban 2025 NASA ta sanar cewa wani dutse da motar Perseverance ta haƙa a kwarin Jezero na Mars na ɗauke da abin da ka iya zama alamar rai ta dā, aka buga binciken a mujallar Nature da dukkan ma'aunansa. Samfurin yana can a cikin bututun ƙarfe a Mars, kuma masanan sun ce sai an kawo shi duniya an gwada kafin a yanke hukunci.